Katunan da Ban Aika Jos Ba

A sitonmu na Al Qusais a Dubai, abin da aka fara koya mini shi ne cire kwali. Kayan da za su bi jirgin sama da kilo ake auna su, kuma sikeli bai san bambancin takalmi da kwalin takalmi ba. Saboda haka duk abin da ya shigo hannuna sai na tuɓe shi. Waya in raba ta da akwatinta, agogo in zare shi daga ɗan matashinsa, turare in naɗe kwalbar a cikin riga in wurgar da kwalin. In danne, in matse, in ɗaure da roba, in zagaye da salatif har sai ƙunshin ya yi tauri. Daga nan in ɗauki baƙar maka in rubuta alamar mai kaya, harafi biyu da lamba, a jikin kayan kansa, don in buhu ya fashe a hanya a san na wane ne. Shekara shida na yi ina wannan aiki, kuma ba cika baki ba, 'yan kasuwar Kano in sun zo ni suke nema. Alhajin da nake yi wa aiki rabin shekara yana Kano ne ko Chana, magatakardanmu kuma ɗan Pakistan ne da ba ya son tashi daga gaban na'urar sanyaya ɗaki. Ƙananan saƙonni duk a hannuna suke.

Wata ranar Alhamis, ana rububin haɗa kayan jirgin ƙarshen mako, wani mutum ya shigo da jaka a rungume a ƙirjinsa. Zai kai shekara hamsin, gajere, da furfura a gefen kai, sanye da shuɗiyar rigar aiki mai tabon giris. Ya yi gaisuwa da Hausar mutanen Filato. Ya ce shi mai gyaran lif ne, na'urar nan ta hawa bene, a Hor Al Anz yake zaune, saƙo ne zuwa Jos.

"Ƙanena, ka kula min da shi don Allah. Hotunan Baba ne."

Na ce ba damuwa, Oga. Kowa haka yake cewa. Wadda ta kawo silifas ma cewa take yi a kula mata. Magatakarda ya ba shi 'yar takarda, ya tafi don yana da aiki a wani gini.

Da na buɗe jakar sai na ga albam uku masu kauri da nauyin tsiya. Kowane shafi leda ce mai aljihu tara, kowane aljihu da ɗan kati kamar na karta, da hoton Bature ko baƙin Amurka sanye da hana-sallah, wani riƙe da kulki, wani da ƙatuwar safar hannu. Sun tsufa, sun yi ruwan ƙasa-ƙasa. A saman albam ɗin akwai guda ɗaya shi kaɗai a cikin gidan roba mai tauri, an liƙe shi ta ko'ina. Na ɗora duka a sikeli, na ce kai, wannan bawan Allah za a cuce shi a banza, nauyin duk na leda ne da bango. Wallahi da niyyar taimako na yi. Na zauna na zare su ɗaya bayan ɗaya, na jera su kamar yadda suke, na sa sukurdireba na ɓalle gidan robar nan, na ɗora katin cikinsa a kan sauran. Na ɗaure da roba biyu. Na cire murfin maka na zana alamarsa a kan na saman, daidai fuskar mutumin. Albam ɗin na jefa cikin tarin kwalaye, wani ɗan Bangaladash da ke zuwa kwasa kullum da yamma ya yi gaba da su. Har daɗi na ji a raina da na ga abin ya dawo bai kai kilo ɗaya ba.

Buhunan wannan mako suka cika kafin a zo kan ƙunshinsa, sai na ajiye shi a kanta don jirgi na gaba.

Ranar Asabar ya dawo da wasiƙa a ambulan, wai ya manta bai sa a ciki ba. Rana ce da ba cinkoso, sai na ba shi kujera na karɓo mana shayin karak mai madara daga kantin kusa. A nan ya ba ni labari. Mahaifinsa kuku ne a gidan wani likitan mishan a kan tsaunukan Filato, tun kafin a haife shi. Da likitan zai koma ƙasarsu, ɗansa ya bar wa kukun wani gwangwanin biskit cike da katunan 'yan wasan besbol, wasan nan na Amurkawa da ake dukan ƙwallo da kulki. Tsohon bai taɓa ganin wasan ba, bai san ko mutum nawa ke yin sa ba. Amma ya lura kowane kati da lamba a bayansa. Sai ya riƙa shimfiɗa tabarma ranar Lahadi bayan coci yana jera su bi da bi, inda babu lamba ya bar gurbi. Ya raɗa musu sunaye nasa na kansa, wannan mai kunnen zomo, wancan mai fushi da matarsa. Da shi Oga zai taho Dubai, ya miƙa masa gwangwanin ya ce an ce garin nan babu abin da babu, ya cike masa guraben.

"Shekara goma sha ɗaya ina cikewa, ƙanena. Wasu na samu a wata ɗaya. Wasu shekara. Amma na ƙarshen nan," ya ciro waya ya nuna mini hoto, "wannan ya kusa kashe ni."

Fuskar da na zana wa alama ce.

Ya ci gaba da magana, ni kuwa sama-sama nake ji. Tsohon yana da hawan jinin ido. Ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma kullum ƙara tsukewa yake, yanzu kamar ta bakin kwalba yake leƙen duniya. Likita ya ce abin ba ya dawowa. Shi kuma kamfaninsu ba za su ba shi hutu ba sai baɗi, shi ya sa ya kawo kargo. Burinsa kawai tsohon ya shimfiɗa tabarmar nan sau ɗaya ya ga babu gurbi, tun yana iya gani.

Ya miƙo ambulan ɗin. Ƙunshin yana kan kanta a bayansa, taku huɗu daga inda yake zaune, a bayan wani kwalin fitilu. Na buɗe baki na ce, "Ai Oga, saƙon ya riga ya tafi tun jiya."

Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya yi murna, ya ɗaga hannu sama ya ce mun gode wa Allah, ya mayar da wasiƙar aljihu ya ce zai karanta wa tsohon ta waya.

Yana fita na ɗauko ƙunshin na shige bayan sito. A wurinmu in an yi kuskuren alama a jikin kaya, turare ake fesa wa tsumma a goge, tawadar ta fita tas. Na yi hakan. Tawadar ta narke ta bazu, ta tafi da launin katin, fuskar mutumin ta koma wani dabbare-dabbare baƙi da shuɗi, takardar ta kumbura. Na tsaya ina kallonsa ina zagin kaina da duk zagin da na sani tun daga Fagge.

Abin da na tsara a raina mai sauƙi ne. In nemo wani irinsa, in sayi sababbin albam, in mayar da komai, in aika a jirgin mako mai zuwa. Dubai ce fa. Na taɓa nemo wa wani ɗan kasuwa murfin injin markaɗen da aka daina yi tun ina firamare.

Ranar hutuna na shiga jirgin ƙasa na metro na nufi wani babban mol, katafaren ginin shaguna, inda aka ce akwai shagon irin waɗannan abubuwa. Na tarar da wani ɗan Filifin a bayan gilashi, da farar safar hannu kamar mai shirin tiyata. Na nuna masa hoton bayan katin da lambarsa. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya yi murmushi. Da Turancinsa da nawa muka lallaɓa har na gane. Ya ce katunan shekara guda ba a lokaci ɗaya ake fitar da su ba, kashi-kashi ne. Na farkon shekara da yawa ake bugawa, yara suna ɗoki. Kafin a kai ga masu lambobin ƙarshe kakar wasa ta wuce, yara sun koma wani abin, sai a buga kaɗan, wanda bai sayu ba a zubar. Waɗanda suka saura kuma iyaye mata sun share da shara. Ya ce cikakken jeri irin wannan, mutane kan tsufa ba su haɗa shi ba, kuma wanda ya mallaki wannan lambar ba ya saki sai ya mutu 'ya'yansa sun fitar.

Na ce, "To yaushe za ku samu?"

Ya ce, "Habibi, shekarata takwas a shagon nan. Sau ɗaya ya shigo, wani ɗan Afirka mai gyaran lif ya ɗauka."

Na fito na zauna a bakin wani maɓulɓular ruwa a cikin mol ɗin, mutane na wucewa da jakunkuna, na rasa abin da ke mini daɗi.

Daga nan rayuwata ta koma ta katin nan. Na bi shagunan Deira masu sayar da tsofaffin kuɗi da kan sarki. Na je kasuwar gwanjo da Turawa ke yi a wani lambu, na durƙusa ina tonon akwatunan takalmi cike da katunan 'yan ƙwallon ƙafa da dodannin wasan yara. Na shiga rukunonin waya na masu tara kati, ni da ban san gaban wasan ba balle bayansa, na riƙa aika hoton lambar ina rubuta don Allah. Wani ya ce akwai a hannun wani a Kuwait, aka bi aka tarar shekarar daban ce. Wani daga Amurka ya turo mini fuskar dariya kawai. Na san lambar nan fiye da lambar wayar matata.

Shi kuwa Oga duk Asabar sai ya kira ko ya biyo. Bai taɓa zuwa wurin magatakarda ba, ni ya yarda da ni. Mu 'yan kargo muna da maganganun da muke jera wa mai kaya in saƙo ya yi jinkiri, kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai hawa bene. Jirgin ya tsaya a wata ƙasa. Ya sauka Kano amma ba a buɗe buhun ba. Wakilinmu ya yi tafiya ta'aziyya. An haɗa da kayan wani ɗan kasuwa ya wuce da su Maraɗi bisa kuskure, ana ƙoƙarin dawo da su. Kowace ƙarya sai ta haifi wadda zan ciyar mako mai zuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai taɓa ɗaga murya ba. Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Sai dai ya ce, "Ba laifinka ba ne, ƙanena, na san halin hanya." Har ya fara gayyatata cin abinci ranar Lahadi a falat ɗinsu na Hor Al Anz, inda su bakwai suke zaune, duk 'yan Filato da kudancin Kaduna. Suna tuƙa tuwon semo da miyar kuka da wani ya kawo daga gida, kuma saboda ni suka riƙa sayen nama a wurin mahaucin da na nuna musu, in lokacin la'asar ya yi ya shimfiɗa mini tawul mai tsabta a lungu. In ci tuwonsa, in sha ruwansa, a kira tsohon ta bidiyo a miƙo mini wayar. Wani siririn dattijo, ya kawo fuskarsa dab da gilashi yana karkata kai don ya same ni da gefen idon da ya rage.

"Kai ne yaron kargo? Sannu da ƙoƙari, ɗana. Na sa an wanke tabarma."

Na ce in sha Allahu Baba, ya kusa.

Zafi ya shigo, irin zafin Dubai mai ɗauke da ruwa a cikinsa. Wata rana na duba ƙunshin a inda na ɓoye shi a saman kanta, na ga katunan gefe sun fara lanƙwasa. Ɗan Filifin ya taɓa gaya mini laima ce babbar abokiyar gabansu, roba kuma tana cin gefensu. Na cire robar, na naɗe su a sabuwar riga, na kai su ɗakinmu na Muhaisnah. Mu shida ne a ɗakin, gado bisa gado, abin da mutum ya mallaka shi ne katifarsa da akwatin ƙarfe guda. Akwatina ba ya kulluwa, sai na tura su ƙarƙashin katifa ta wajen kai. Na daina bari kowa ya zauna a gadona. Na yi faɗa da wani ɗan Gana da muka shekara uku lafiya, don kawai ya ɗora farantin shinkafa a kai. Suka fara tsokanata wai na ajiye zinare, wani ya ce a'a, laya ce.

Hutuna ya zo bayan Babbar Sallah. Shekara biyu rabona da gida, 'yata ta fara tafiya ta fara magana duk a waya na gani. Alhaji da kansa ya ce in shirya. Na zauna na yi tunani. In na tafi na bar su, wani zai ɗaga katifar. In na tafi da su, Kano da Jos tafiyar yini ce, sai in kai wa tsohon hannu da hannu. Amma in na kai, ƙanwar Oga da ke gida za ta ɗauki hoto ta turo, a ga babu albam, a ga fuskar da na ɓata, a gane wata uku ina cin tuwon mutum ina yi masa ƙarya. Na ce wa Alhaji a ɗaga mini zuwa ƙarshen shekara, aiki ya yi yawa. Matata ta ce mini a waya, "Wai kai ɗaure ka aka yi a can ne?" Na hau ta da faɗa, don ta faɗi gaskiya.

Sai shaiɗan ya kawo mini wata dabara. Akwai wani ɗan Kerala ta Indiya mai shagon buga katin biki a wani lungu a Deira. Na samo hoton katin mai kyau a waya, gaba da baya, na kai masa. Ya ce shuwayya shuwayya, wato sannu-sannu, in dawo bayan kwana biyu. Da na dawo ya miƙo mini guda biyar, wai ko ɗaya zai lalace. Sun yi kyau har sun fi na gasken. Fari ƙal, gefe kamar reza, suna warin sabuwar tawada. Na jiƙa ɗaya da ruwan shayi na shanya a kan tagar banɗaki, na goga shi a jikin wandona. Da ya bushe na ajiye shi kusa da 'yan'uwansa, sai ya fito kamar baƙo a gidan biki. Na ce a raina ai tsoho ne mai rabin ido, ina zai gane. Da na ji wannan tunani ya fito daga kaina, sai kunya ta rufe ni. Mutumin da ya ce mini ɗana. Na yayyaga duka biyar na zuba a kwandon shara, amma ko a lokacin ban samu ƙarfin zuciyar kiran Oga ba. Na koma rukunonin waya na ci gaba da roƙo.

Sau uku ina ɗaukar ƙunshin a jakata zuwa Hor Al Anz da niyyar in ajiye masa a gabansa. Sau uku ina cin tuwo in dawo da shi. Kowane mako sai in ce bari in ƙara mako ɗaya, wataƙila wani ya mutu a Amurka 'ya'yansa su fitar. Har addu'ar hakan na kama kaina ina yi, Allah ya yafe mini.

Wata Talata da azahar, a wata na biyar, ina tsaye ina ɗaure buhun atamfa, na ga inuwa a bakin ƙofa. Oga ne. Ba ranar zuwansa ba ce. Bai zauna ba, bai karɓi ruwan da na miƙa masa ba.

"Ƙanena, na zo ne in ce ka huta. Ka daina wahalar da kanka da mutanen Maraɗin nan."

Na ce ai Oga an kusa, jiya ma mun yi waya.

Ya girgiza kai. "Khalas, magana ta ƙare. Jiya Baba ya tashi da safe ya tambayi ƙanwata me ya sa ba ta buɗe taga ba. Tagar a buɗe take." Ya share fuska da hannun rigarsa. "In ya iso, ya iso. Ka yi haƙuri da yawan kiran da na riƙa yi maka."

Haƙuri yake ba ni. Ƙunshin yana jakata tun ranar Lahadi ban mayar ɗaki ba. Na je na ɗauko, na warware rigar a kan teburin awo, na ja da baya. Na faɗa masa komai a tsaye, tun daga albam ɗin da ɗan Bangaladash ya kwashe, da sukurdireba, da maka, da turare, har ɗan Kerala. Ban rage ko ɗaya ba. Ina magana, magatakarda ya leƙo ta gilashi ya koma.

Bai katse ni ba. Ya sa yatsa ya bi gefen katunan a hankali, yana duba lambobin, ya ga duk suna nan a jere. Sannan ya ɗauki na saman ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Tun ranar da na kawo wasiƙa suna nan?"

"Suna nan, Oga."

"Saboda wannan?"

Na gyaɗa kai.

Ya ajiye katin a kan sauran, ya daidaita gefensu da tafin hannu. Ba fushi a muryarsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Baba bai taɓa ganin wannan katin ba a rayuwarsa. Da ka aika a satin nan, zai ɗauka haka aka yi shi. Suna kawai zai raɗa masa ya sa shi a gurbinsa."

Ya naɗe su a cikin rigar, ya tura cikin jakar kayan aikinsa tsakanin sifana da waya, ya ja zif. Ya fita cikin ranar nan ya nufi tashar bas, bai waiwayo ba. Na tsaya a bakin ƙofa har ya sha kwana. Motar ɗaukar kaya ta iso tana ja da baya, direban ya leƙo yana buga ƙofar motar yana cewa yalla, yalla, na koma ciki na ɗauki buhun atamfar.